Yatsu Uku

Kan mai tsaron gida ya daki turken raga, ƙarar ta kai har inda malamin wasanni yake tsaye. Ya ruga da jarkar ruwa, wadda ita ce asibitin makarantar gaba ɗaya a ranar wasa. Akwatin magani yana kulle a ofis, ko an buɗe ma auduga ce da almakashi. Shi kansa lissafi aka ɗauke shi ya koyar, aka ɗora masa wasanni don an ga yana da usur.

Yaron, wanda ake kira Kyanwa, yana zaune yana ƙifta ido. Aka kwara masa ruwa a ka.

"Kyanwa, dube ni. Yatsu nawa ka gani?"

"Uku, Malam."

Malamin ya kalli hannunsa. Bai ma ɗaga shi ba tukuna, yana riƙe da jarkar.

"Ai kullum uku kake nunawa, Malam," in ji kyaftin yana haki. "Har 'yan aji ɗaya sun haddace."

Shugaban makaranta ya iso yana goge gumi. "Ya tashi? Wasan ƙarshe ne fa, kuma ba mu da wani gola."

"Ranka ya daɗe, kansa ne ya bugu."

"Ina jinin? Mu a zamaninmu da karaya muke ƙarasa wasa."

Yaron ya miƙe, ya yi tangaɗi, ya dafa turken. "Malam, don Allah ka bar ni. Yayana ya rufe shago ya zo kallona."

Alƙalin wasa yana ta buga agogonsa da yatsa. Malamin bai san me ake dubawa a kan mutum ba, ba wanda ya taɓa koya masa. Ya kama hannun yaron, ya zare safar, ya miƙa wa wani ɗan baya.

"Za mu yi magana ranar Litinin," in ji shugaban.

Malamin ya tayar da babur ɗinsa zuwa asibiti, yayan ya hau baya, suka sa yaron a tsakiya. Suna kaiwa bakin titi ihu ya tashi daga ɓangaren baƙi. An ci makarantarsu.

Kyanwa ya kwantar da kai a bayan malamin.

"Malam," ya ce a hankali, "an fara wasan ne?"

Malamin ya ƙara wuta.