Faratan Hannun Hagu

"Ka daina motsi mana, Baba, in ba so kake in haɗa da yatsan ba."

Tela yana durƙushe gaban kujerar maƙwabcinsa, riƙe da ɗan almakashinsa na tsinke zare. Maƙwabcin tsohon direban bas ne, duk layin Baba Direba ake ce masa. Tun da likita ya raba shi da sitiyari saboda ciwon zuciya ya sayo jita, ya ce shekara arba'in yana jin kiɗan wasu a rediyon mota, yanzu nasa yake son ji. Mai aski na bakin titi ne ke zuwa duk Asabar yana koya masa. Dokar farko da ya kafa masa ita ce kada faratan hannun hagu su wuce tsoka, in sun wuce yatsa ba zai danne tsirkiya ba. Hannun daman Baba kuwa rawa yake yi, shi ya sa yankan ya koma wuyan Tela duk Litinin.

A yatsa na uku Tela ya tsaya. Ƙarƙashin farcen ya yi shuɗi-shuɗi. Ya duba sauran, duk haka suke. Ya san wannan launin. Ya taɓa ganinsa a hannun mahaifiyarsa, sati biyu kafin ta rasu.

"Baba, tun yaushe hannunka ya koma haka?"

"Tsatsar tsirkiya ce."

"Tsatsa ja ce."

"To, mai almakashi ya zama likita! Yanke ka ba ni hannuna."

Tela bai yi dariya ba. 'Yar Baba, wadda ke aure a wani gari mai nisan awa biyar, ta bar masa lambarta, ta ce ko tarin tsohon ne ya sauya ya kira ta. Baba ya karanci abin a fuskarsa.

"Kada ka kira ta," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "In ta zo kwashe ni za ta yi kamar kayan wanki. Gidanta ko cokali ya faɗi sai an ce a yi shiru, jariri na barci. Kamun tsirkiya uku yaron nan mai aski ya nuna mini. Biyu sun zauna, na ukun ne ke guduna. Ya ce in na haɗa su ranar Asabar, waƙa ta fito ke nan. Ka bar ni zuwa Asabar, ɗan nan. Ban taɓa roƙonka komai ba."

"Ka taɓa. Ashana, sau nawa?"

"Ban da ashana."

Tela ya ƙarasa yankan, ya tattara faratan a tafin hannu.

Bango ɗaya ya raba shagonsa da ɗakin tsohon. Ranar Talata ya kasa ɗinkin kirki. Yana taka keke yana kasa kunne: kamun farko, na biyu, sai shiru yayin da yatsu ke laluben na uku, sannan wani ƙara kamar an taka kyanwa. Duk lokacin da shirun ya yi tsawo sai ƙafarsa ta tsaya a kan keken, har sai ya ji tari ko tsaki. Ya ɗinke aljihun wandon wani a bai-bai, ya farke, ya sake.

Ranar Laraba da hantsi shirun ya kai minti goma. Tela ya fita ko takalmi bai sa ba. Ya tarar da Baba jingine da bango, baki buɗe, yana jan numfashi kamar mai hawan tudu da kaya.

"Hutawa nake," in ji shi da ƙyar. "Ko mota ana kashe ta ta huce."

Tela ya koma shago, ya daɗe yana kallon wayarsa, sannan ya kira. 'Yar ta ce gobe da safe za ta taso. Bai iya ɓoyewa ba, ya je ya faɗa wa tsohon.

Baba bai yi faɗa ba, abin da ya fi damun Tela ke nan. Ya dube shi kawai ya ce, "Zuwa Asabar fa na ce. Ja mini ƙofar."

Ranar Alhamis tun kafin Tela ya gama share shago kiɗan ya fara. Bai taɓa farawa da wuri haka ba. Tsohon sauri yake, kamar direban da ya hango hadari a gabansa. Na farko, na biyu, tuntuɓe. Na farko, na biyu, tuntuɓe. Tela ya zauna da tsintsiya a hannu, yana jin kamar ya je ya ƙwace jitar, yana kuma jin ba shi da fuskar shiga. Wajen ƙarfe goma na ukun ya fito, ba tsaf ba, tsirkiya ɗaya na ɗan karkarwa, amma ba a tsaya ba. Ya jira a maimaita.

Ba a maimaita ba.

Da ya shiga ɗakin, ya sami Baba a kujera, jitar ta zame zuwa gwiwa, kansa ya karkata gefe kamar mai sauraron inji. Tela ya kira sunansa sau uku, ya taɓa wuyansa, sannan ya zauna a ƙasa.

Azahar ta kusa lokacin da 'yar ta iso, da jaka babba da ta kawo don kwashe kayansa. Maƙwabta sun riga sun kwantar da shi a gado. Da kukanta ya lafa ta juyo.

"Kawu, yaushe ka fara ganin alama?"

"Litinin."

"Litinin," ta maimaita.

Ta zauna a bakin gadon, ta ɗauki hannun hagun mahaifinta, ta juya shi. A kan kowane yatsa akwai siririn layi da tsirkiya ta shata. Ta sa babban yatsanta tana murzawa a hankali, layukan ba su cike ba.