Laimar da ta juya wa ɗaki baya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in ta yi daɗi mu riƙe.

A ƙauyenmu da ke gefen Mansura ta ƙasar Masar, in an gama yankan shinkafa, a da ƙone karan ake yi, hayaƙi ya rufe gari. Wahiba, matar ɗan Hajiya Nabawiyya, ita ta fara cewa a bar mata nasu. Wata ma'aikaciyar gona ce ta koya wa matan ƙauye noman laimar kwaɗi irin wadda ake ci, mu nan gurasar hankaka muke ce mata. A dafa karan, a shanya ya sha iska, a cusa a leda da iri, a rataye a ɗaki. Da farko duhu take so, har ledar ta yi fari fat. Daga nan sai a tsaga ledar, a buɗe taga, a riƙa yayyafa ruwa.

Ɗakin da Wahiba ta samu tagarsa na kallon ƙofar maƙwabciyarsu Atiyat. Ita Atiyat da Nabawiyya tun suna amare tanda ɗaya suke gasa gurasa, kowace Alhamis, a tsakar gidan Nabawiyya. Nabawiyya ta murza, Atiyat ta jefa a wuta. Mazansu sun rasu, 'ya'ya sun watse, Alhamis ɗin nan tana nan.

Zubin farko ya yi kyau. Atiyat ta zo wucewa, ta leƙa ta taga, ta ce, “Kai, 'yar nan, waɗannan ai kunnuwan maraƙi ne!” Ta wuce abinta. Ba ta ce masha Allah ba. Nabawiyya tana bakin ƙofa tana tsince wake, ta ji. Da la'asar ta ɗauko buhu da ƙusoshi ta rufe tagar ruf.

Wahiba ta ce malamar ta ce sai da haske. Tsohuwa ta ce malamar birni ce, ba ta san Atiyat ba. Ai shekarun baya Atiyat ta yaba wata agwagwa, washegari agwagwar ta fara ɗingishi. Wahiba ta haƙura, don gidan ba nata ba ne.

Zubi na biyu ya fito abin tausayi. Dogwayen wuya sirara, kawuna kamar na ashana. Kuma duk ɗakin, tsiron ledar gaba da na ta baya, na sama da na ƙasa, sun karkata waje ɗaya, wajen wata 'yar kafa a gefen buhun. Nabawiyya ta durƙusa ta sa ido a kafar. Me za ta gani in ba ƙofar Atiyat ba.

“To, ga shi nan,” in ji ta. “Jan su take yi.”

Ta yanka 'yar tsana ta takarda, ta riƙa soka mata allura tana kiran sunayen 'yan unguwa kamar yadda ake yi, ta ƙone ta da gishiri da turare. Sai dai sunan Atiyat ta maimaita shi ya fi a ƙirga, kuma da ƙarfi, alhali katangar tasu ba ta da kauri.

Ranar Alhamis Nabawiyya ta hura wuta, ta jira. Atiyat ta fito da ƙullunta a kai, ta bi ta gaban gidan ta nufi tandar wasu. Nabawiyya ta tambaye ta yau kuma ina za ta.

“Inda idona ba zai ƙone wa mutane gurasa ba, 'yar'uwa,” in ji Atiyat.

Bayan sati ta kulle gida ta tafi wajen 'yarta a Dumyat, aka ce ma ba lalle ta dawo ba.

Laima ba ta san an yi tafiya ba. Sabon tsiro ya fito, ya sake miƙa wuya wajen kafar. Nabawiyya ta ce idon ya riga ya zauna a bango, ta kwaɓa laka ta toshe kafar. Ita kaɗai take gasa gurasa yanzu, rabi ya ƙone, don mai murzawa ba ta iya tsare wuta.

Wata safiya Wahiba ta kira ta ta zo ta gani. Laimar duk ta bar wajen taga, ta ɗaga kai sama. A rufin akwai wani rami da tsohon bututu ya bari, haske na zubowa ta nan siriri kamar zare. Tsohuwa ta daɗe tana kallo.

“Wa ke sama?” in ji ta.

“Tattabarunki, Mama. Ko su ma a soka musu allura?”

Tsohuwa ta ce Wahiba ta iya bakinta. Ta sa hannu ta tare zaren hasken, ta janye, ta sake tarewa. Daga nan ta fita. Can sai aka ji ana zare ƙusoshi.

Zubin da ya biyo baya ya dawo da faɗinsa. Na bakin taga ya fi kowanne, na lungu kuwa yana leƙe ta kafaɗar 'yan'uwansa, har sai Wahiba ta riƙa juya ledojin.

Da Atiyat ta dawo kwasar kayan sanyi, Nabawiyya ta soya laima da albasa da man shanu, ta cika faranti, ta kai da kanta. Ba ta ce a yi haƙuri ba, ba halinta ba ne. Cewa ta yi abin nan ashe rana yake bi, ba mutum ba, kuma gurasarta ta lalace. Atiyat ta karɓi farantin, ta ce ita ba ta cin abin da ke fitowa a leda, ta rufe ƙofa.

A wajenmu faranti ba ya komawa fanko. Ranar Laraba ya dawo da cuku a ciki. Ranar Alhamis Atiyat ta shigo da ƙullunta, ta zauna gaban wuta, ta ce wa ya koya wa Nabawiyya jera itace haka.

Atiyat ba ta koma Dumyat ba. Suna gashi tare har yau, sai dai in za ta wuce tagar nan takan kau da kai, ta ce masha Allah da ƙarfi yadda duk layin zai ji. Nabawiyya ba ta daina turare ba. Wahiba ta ƙara ɗaki na biyu, mai taga biyu.