Lambar Ƙafafun Sixten

Shekara ashirin da shida Gunvor Hedlund tana zaune a ɗakin ƙasa na asibiti, tana mayar da ciwon mutane lamba. Likitocin sama su rubuta abin da suka gani, ita ta nemo lambarsa ta shigar a kwamfuta. Dokar aikin ɗaya ce: abin da likita bai rubuta ba, bai faru ba. Gunvor tana son wannan doka, don ta hutar da ita tunani.

Ranar Talata fayil ɗin Sixten Almgren ya iso. Dattijo ne ɗan shekara sittin da huɗu, an yi masa aiki a idon sawu saboda tsohon tabon ruwan zafi ya ɗaure masa fata. Irin wannan ciwo lamba biyu yake ci, ɗaya ta tabon, ɗaya ta dalilinsa: hatsari ne ko da gangan aka yi. Likita Torkel Nyberg ya rubuta, "Ya faɗa bahon wanka yana ɗan shekara shida, a gidan marayu." A ƙasa wata nas ta ƙara cewa mara lafiya yana son kwafin takardunsa kafin Juma'a, zai kai wa kwamitin da ke sauraron koken waɗanda suka tashi a irin gidajen nan. Kwamitin adali ne ƙwarai, kowa yana da damar magana, amma takarda kaɗai yake gaskatawa.

Ta kusa buga lambar hatsari, sai ta ga hoton. Ƙafa biyu, tabon ya hau ya tsaya cak a layi ɗaya, kamar safa. Babu fallatsi ko ɗigo ɗaya a sama.

Ta tare Torkel a ɗakin shan kofi, yana tsaka da cin burodin kirfa.

"Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin yaron da ya faɗa tafasasshen ruwa ya tsaya ƙyam, ƙafa a jere, yana jiran a ɗauke shi hoto?"

"Gunvor, ashe kin gama karatun likita a ɗakin ƙasa ba mu sani ba? Da mun kawo fure."

"Ka tambaye shi?"

"Haka yake a fayil."

"Na ce ka tambaye shi?"

Torkel ya kakkaɓe sukari daga rigarsa. "Ni fata na je gyarawa. Mutum ashirin nake da su yau, ke kina da kujera mai juyawa."

"To, kujera mai juyawa ba za ta sa lamba ba sai ka hau ka tambaya. Fayil ɗinka ya zauna a buɗe, shugaban asibiti ya gani ranar Litinin."

Wannan ya ji. Ba abin da ke motsa zuciyar likita irin buɗaɗɗen fayil.

Ta koma ƙasa ranta a ɓace, ta buɗe tarihin Sixten don ta ga ragwayen da suka kwana a kan wannan ƙarya. Sau tara aka kwantar da shi saboda ƙafafun nan. Sau tara jimla ɗaya, har da waƙafinta, kowane gwani ya kwafa daga gwanin da ya gabace shi. Ta bi sunayen masu sa lambar tana tsaki, ta san wasu, ta san ba a banza ta raina su ba. A na shida ta ga G.H., haruffan sunanta. A na bakwai ma. A na takwas ma ita ce, kuma hoton yana nan maƙale a duka ukun. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta da wanda za ta huce a kansa.

Da azahar Torkel ya sauko da kansa. Bai taɓa sanin inda ƙofar take ba, sai da aka nuna masa. Bai yi ba'a ba.

"Ya ce masu rainonsu ne a gidan marayun, su biyu. Ɗaya ta riƙe shi a hammata, ɗaya tana ƙirga goma. Fitsarin kwance ya yi. Ya ce su suka koya masa cewa faɗawa ya yi. Ya daɗe yana jiran wani ya ce bai yarda ba."

"Ka rubuta?"

"Na rubuta."

Gunvor ta goge tsohuwar lambar hatsari da ke tarihinsa, ta sa ta ganganci. Kwamfuta, mai bin ƙa'ida, ta buɗo ƙaramin akwati tana neman dalilin canji, kada ya wuce harafi arba'in. Akwai amsar da kowa ke bayarwa, "sabon bayani daga likita", tana ma cikin jerin zaɓi.

Ta tsallake jerin zaɓin. Sannan ta rubuta, "Na ga hoton sau uku, ban tambaya ba."