Jirgin Abban Zuleiha

"Umma, shi jirgin Abba bai iya ruwa ba ne?"

Zuleiha ce ta yi tambayar, 'yata mai shekara biyar, kuma a gaban baƙi ta yi ta. Ranar Juma'a ce, abokan mijina Ghali sun zo cin shinkafa a gidanmu da ke unguwar Bin Mahmud a Doha, shi kuma yana tsaye bakin taga yana nuna musu jirgin nasa a ƙasa. Haladu, ɗaya daga cikin abokan, shi ne ya fara ƙwarewa da dariya, har sai da aka miƙa masa ruwa.

"Kyaftin, ka ba yarinya amsa mana," in ji shi.

Ni ban yi dariya ba. Ƙaramin jirgin kamun kifi ne mai inji a baya, ɗore a kan 'yar tirelar da ake jan sa da mota. Tun lokacin sanyi yake zaune a filin bayan gininmu, lulluɓe da shuɗin tamfol, kuma a filin nan yaran gidan suke wasa.

Kyauta aka ba mu. Kafin Ghali ya zama shugaban direbobi a kamfanin da yake yanzu, ya daɗe yana tuƙa wani dattijo ɗan ƙasar nan, mai gida a Al Rayyan. Da ya je gaishe shi, dattijon ya nuna jirgin ya ce ya ɗauka, ya riƙa kai iyali shan iska. Ghali ya dawo gida bakinsa har kunne. Na tambaye shi takardu, ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Haba Ikilima! Mutum ya yi maka alheri, ka tsaya kana cewa ina takarda?"

Shi aiki ba ya barin sa da safe, don haka ni na ɗauki yawon rajista, da Zuleiha a hannu. A ofishin farko aka ce su jirgi kaɗai suka sani, tirela ba tasu ba ce, in je wurin masu lambar mota. Na je. Can aka ce ina lambar da ke jikin ƙarfen tirelar? Na dawo gida na durƙusa a ƙasa da abayata, na leƙa ko'ina, babu wata lamba. Ashe wani mai walda ne ya haɗa ta. Na koma na faɗa musu. Suka ce to sai an kawo ta an duba. Na ce mu jawo ta da mota? A'a, ba a hawa titi da ita babu lamba. To yaya za ta samu lambar? Sai an duba ta. Na tsaya ina kallon mutumin ta cikin gilashi, shi kuma ya riga ya danna ƙararrawar mai bi na.

Masu babbar motar ɗaukar kaya suka ce ba sa ɗora jirgin da ba shi da shaidar mai shi. Na koma ofishin jirgi neman shaidar, aka buga a kwamfuta, sai ga sunan ƙanin dattijon nan, wanda ya rasu tuntuni. Aka ce magada su zo su sa hannu. Kafin in gama haɗa sauran, Ghali ya sabunta katinsa na zama, kwafin da na kai musu ya tashi aiki, aka ce in sake daga farko. Babu wanda ya zage ni, gaskiya. Kowa da murmushinsa yake ce min "bukra inshallah", wato gobe. Murmushin ma ya fi zagi ƙona min rai.

Na ce wa Ghali ya je ya roƙi dattijo ya tara magadan.

"In je in tayar musu da maganar mamaci a kan kyautar da suka ba ni? Da wane ido? Ki bar shi nan, ba ya cin abincin kowa."

Haka muka shiga zafi. Wanda bai zauna a Doha ba bai san abin da nake nufi ba. Ƙarfen ƙofa ma sai ka sa gefen mayafi kake kama shi.

Wata ranar Asabar da la'asar ina yanka albasa, Sanatu maƙwabciyata, 'yar Zongon Kumasi, ta buga ƙofa tana haki.

"Maman Zuleiha, 'yarki na ciki? Yara na wasan ɓuya, kowa ya fito ban da ita."

Ban san yadda na sauka matattakala ba, babu takalmi. Na kira sunanta a bayan motoci, a ɗakin janareta, shiru. Sai na ga gefen tamfol ɗin ya ɗage. Na fizge shi. Tana kwance a cikin jirgin ta dunƙule, rigarta sharkaf, leɓenta fari, tafin hannunta ya yi ja inda ta kama ƙarfe. Iskar da ta fito daga ƙarƙashin tamfol ɗin kamar an buɗe tanda. Ta ɗago ido da ƙyar ta ce, "Umma, na ci wasan?"

A asibiti aka yi mata ƙarin ruwa. Likita ta ce mun yi sa'a, ta kuma faɗi abin da zai faru da an ƙara jimawa. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Washegari da safe na ajiye wa Ghali shayi, na zauna gabansa da waya a hannu.

"Abban Zuleiha, zan kira hukumar gari in ce akwai jirgin da aka yasar a bayan gidanmu. A gabanka zan kira, don kada ka ce na yi a ɓoye."

"Zan ɗaure tamfol ɗin da igiya."

"Yara goma ne a gidan nan. Igiya?"

"Saƙo zai je wa iyalan dattijo. Za su ce abin da na yi da kyautarsu ke nan, na jefar a bola."

"Su ce. Ni jiya na ɗauko 'yata daga cikinsa kamar tsumma."

Ya daɗe yana juya cokali a kofi. Bai ce in kira ba, bai ce kada in kira ba. Na kira.

Matar da ta ɗauka ta tambayi unguwa, ta tambayi lambar gini, ta ce in turo hoto. Shi ke nan. Ba ta nemi katina ba, ba ta nemi magada ba, ba ta tambayi lambar jikin ƙarfe ba. Aka zo aka manna wa jirgin sitika mai ba mai shi wa'adin ya zo ya ɗauke, ni kuma kwanakin wa'adin nan na yi su a kan kujera a inuwar gini ina korar yara, har Sanatu tana kira na mai gadi. Wa'adi na cika, ga babbar mota. Tirelar da aka ce ba ta hawa titi ta hau titi a gabana, ta bi ta shatale-tale ta ɓace. Wata da watanni ina roƙo a ba ni hanyar mallakar abu an kasa, amma da na ce ba na kowa ba ne, nan take hanya ta samu.

Saƙon kuwa ya je. Babban ɗan dattijon ya kira Ghali. Ghali ya fara ba da haƙuri, mutumin ya katse shi da dariya, har ina jiyo ta daga kicin.

"Khalas, shi ke nan, ya Ghali, bar shi a wurin hukuma. Mu ma tun rasuwar baffa muke neman yadda za mu rabu da shi, takardun sun gagare mu."

Ghali ya ajiye wayar a hankali. Ya shiga ɗaki ya zauna kusa da Zuleiha yana duba tafin hannunta, bai fito ba sai da aka kira azahar.

Kai da ke karanta wannan, in kana zaune a ƙasar mutane aka nuna maka jirgi, ko tirela, ko duk wani abu mai taya aka ce kyauta ne, kada kunya ta rufe maka baki. Ka tambayi sunan wa ke kansa kafin ka ce na gode. In babu amsa, ka bar shi inda ka gan shi, kada ka kawo shi inda 'ya'yanka suke wasa.