Furen Masu Rai

Timofei na yanka kabeji a kicin lokacin da ya hango mahaifiyarsa ta taga. Tana tahowa da damin fure a hannu, tana taku kamar mai duba fareti.

Shekara huɗu ke nan da ya tuɓe kakinsa na manjo, ya tsallake iyakar Rasha a bayan motar dankali, don ya gaji da tura sojojinsa inda ba a dawowa. Yanzu burodi yake raba wa shaguna a birnin Winnipeg, yana barci har da minshari, ga tumbi ya fara leƙowa. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Ranar da labarin gudunsa ya isa gida, mahaifiyarsa Zinaida, 'yar kanar kuma matar kanar, ta ajiye fure biyu a ƙarƙashin hotonsa. A Rasha kuwa kowa ya san ba a ba mai rai fure bibbiyu. Biyu, huɗu, shida, duk na kabari ne.

Kwananta tara a gidan, wai jikarta kawai ta zo gani. Ko sau ɗaya ba ta kama sunansa ba, sai dai ta ce wa matarsa Larisa, "mijin nan naki."

"Saki fuska mana, Janar na burodi," in ji Larisa. "Yau fa ranar haihuwarka ce."

"Ke dai dubi abin da ta riƙo."

Zinaida ta shigo, ta dire damin a kan tebur. Timofei ya ƙirga da ido. Goma sha biyu. Ya sake ƙirgawa, bai canza ba. Mutumin da ya sha tsayawa cikin ruwan wuta, sai ga shi ya ajiye wuƙar a hankali.

Tsohuwar ta cire safar hannu a tsanake, ta ja dogon tsaki.

"Mutanen ƙasar nan ba su da kan gado. Na ce wa mai shagon ta rage ɗaya, wai ita a haka take sayarwa."

Ta zare fure ɗaya ta wurga a kwandon shara.

"Wa ya mutu a gidan nan?"

Ta tura masa sauran a ƙirji, ta kira shi da sunansa na yarinta.

"Ungo, Tima. Kabejin nan kuma, haka na koya maka yankawa?"