Waƙar Niƙan Iya

Misbahu bai taɓa riƙe dutsen niƙa ba, amma waƙar niƙan kakarsa ya ɗauko a kaset daga Aujara. Ya kai ta situdiyo a Dutse, ya rera ta da muryarsa, aka zuba mata fiyano, aka buga a faifan sidi da hotonsa cikin baƙin gilashi. A ƙasa ya sa aka rubuta: "Haƙƙin mallaka na Misbahu ne shi kaɗai."

Waƙar ta karɓu. Sai ga Ɗan'inna, mai kwamfuta a kasuwar Jahun, yana kwafarta kamar ana suyar ƙosai. Misbahu ya maka shi gaban alƙali.

Alƙali ya ce a kunna. Fiyano ya tashi, muryar Misbahu ta shiga yi wa wani Ɗayyabu zambo, wai ya saci bunsurun maƙwabta ya yi layya da shi. Magatakardan kotu ya sunkuyar da kai.

"Yaro, kai ka tsara wannan?"

"Allah gafarta Malam, ni ne, baiti-baiti."

"Madalla. Ɗayyabun Aujara mahaifina ne. Tun ina ƙarami nake cigiyar mai waƙar nan, kullum a ce ta kowa ce. Kana da shaidun satar bunsurun, ko a ɗauko bulala?"

Misbahu ya dubi Ɗan'inna.

"Ranka ya daɗe, ta kowa ce. Ya ci gaba da kwafarsa."