Mai Bisharar Ɗakin Baya

Motar ɗaukar gawa ta tsaya a ƙofar gidan, Baballe mai gidan bai ko tashi daga bencinsa ba. Fasto ya fito da farin kwat, mai ɗaukar hoto na bin sa.

"Baba, mun zo ɗaukar ɗan'uwanmu Yusha'u," ya ce da Yarabanci.

A nan Agege ta Legas aka haifi Baballe, Yarabanci a bakinsa kamar ruwa. Amma da Hausa ya amsa. "Sannu da zuwa. Zauna. Ina gajiya?"

Fasto bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya zauna.

Yusha'u mai bishara ne, mutumin ƙasar Kano. Cocin wannan faston ce ta kawo shi ya yi wa Hausawa wa'azi. Ya shekara da shekaru yana bin rumfunan mahauta. Ana ba shi shayi, ana musu da shi, ba wanda ya bi shi. Da ciwo ya kama shi, fasto ya ce bai kawo musu rai ko ɗaya ba. Aka karɓe lasifika, aka fitar da kayansa cikin ruwan sama. Baballe ne ya ba shi ɗakin baya. Suka ci gaba da musunsu har muryar Yusha'u ta ƙare.

"Baballe, kada ka bari su sa ni a ƙanƙara," Yusha'u ya ce jiya cikin raɗa. "Za su buga hotona su yi biki. Kai ni kusa da babana."

"Kai da ba ka jin maganata?"

"Kai ma ba ka ji tawa ba."

Da asuba ya cika.

Yanzu Baballe ya sa aka kawo wa fasto ruwa. Ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya koma kan gajiya. Fasto na duban agogo, gumi na cin wuyan kwat. A bayan gida kuwa mahauta sun fita da Yusha'u ta lungu, matarsa Baiwa na biye, zuwa motar shanu mai komawa Arewa.

Sai da Baballe ya ji motar shanun ta danna oda daga titi, alamar sun tashi, ya miƙe. Ya yi magana da Yarabanci tsantsa.

"Ran da ka watsar da kayansa, ina tsaye. Shiga ka ɗauki abin da ka bar masa."

Fasto ya ɗaga labule. Tabarma ce a naɗe, da takalman da suka cinye a hanyar mahauta, jere a bakin ƙofa.